Tsohuwar ƙararrawar gona ta zo hannuna ba mazauni, ina neman shawarar masu katako

Ɗan Kolombos: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen iyayenmu kafintoci. An yi gwanjon kayan wata tsohuwar gona kudu da Kolombos, nan jihar Ohayo, na sayi ƙararrawa irin wadda manoman Amurka ke kafawa a tsakar gida don kiran mutanen gona cin abinci. A jikin karkiyarta an rubuta C.S. Bell da Hillsboro. Faɗin bakinta kusan inci 18, na ɗora ta a sikeli tare da karkiyar ta kai wajen kilo 32. Na cire tsatsa, na yi mata fenti, harshenta lafiya lau, murya garau. Matsalar ita ce mazaunin ƙarfen da kunnuwan karkiyar ke zama a kai ya ɓata tun kafin ta zo hannuna. So nake in yi na katako in kafe a bangon garejina. Wane katako ya dace, kuma yaya zan haɗa shi? Ga hotuna nan.

Oga Mai Walda: Wa alaikumus salam. Ƙanena, me ya kai ka katako? Angil mai kauri guda biyu, faranti ɗaya, rabin yini an gama. Ka kai wa mai walda a can, ko ka turo min awo in zana maka.

Ɗan Kolombos: Oga, kuɗin awa ɗaya na mai walda a nan ya kusa kuɗin ƙararrawar. Kuma gaskiya katakon nake sha'awa, ya fi kama da zamaninta.

Baba Kafinta: Kafin a zo maganar irin katako, ka janye maganar bango. Ƙararrawar da ake lilo da ita ba a maƙala ta a bango. Nauyin da ka gani a sikeli nauyinta ne tana zaune. Idan ta fara kai da komo tana jan abin da ke riƙe da ita gaba, ta ja shi baya, kullum a wuri ɗaya. Ko bangon bulo ne sai ta sassauta notin, balle naku na can da na ji an ce katako ne da allo.

Alhaji na Shikago: Gaskiyar Baba ce. Bangon gidajen nan sanduna ne a tsaye, yawanci tazarar inci 16 tsakaninsu, an rufe da allo. In ka kafe ta a nan, duk bugu ɗaya sai ya ratsa gidan gaba ɗaya, uwargida ce za ta fara kai ƙararka kafin maƙwabta. Waɗannan ƙararrawa a kan gungume ake kafa su tun asali, a fili, nesa da ɗaki.

Af, ka san garin da aka yi ta bai fi tafiyar awa ɗaya da rabi daga wajenka ba? Hillsboro, a gundumar Highland. Charles Singleton Bell ya kafa maƙerarsa a can a 1858, kayan noma da murhu yake zubawa, sai a 1875 ya shiga yin ƙararrawa. Na gonaki da na makarantu da na coci duk sun yi, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma sun yi wa jiragen ruwan sojan Amurka dubbai. Har yanzu garin na yin bikin ƙararrawa duk watan Yuli.

Malama 'Yar Firamare: Mu dai a makarantarmu rim ɗin mota ne rataye a reshen darbejiya, monita ya buga da guntun rodi, har bayan kasuwa ana ji. Ban taɓa jin an kira taro a kansa ba.

Injiniya: Malama, naku bugawa ake yi, shi yana tsaye. Wannan ita ce ke motsi gaba ɗayanta, bambancin ke nan. Bari in ɗan yi lissafi. Abin da aka rataye ya yi lilo, in an sake shi daga kwance, lokacin da ya iso ƙasa yana jan marataya da ninki uku na nauyinsa, a tsakiyar hanya kuma turin gefe yana kai ninki ɗaya da rabi. Wannan shi ne mafi muni. Ƙararrawar gona ba ta kai haka, don karkiyarta lanƙwasasshiya ce, kunnuwan sun sauko kusa da tsakiyar nauyinta, shi ya sa yaro ma ke iya jan ta. Amma ko mu ce turin gefe kilo 15 ne kacal, ka ɗora shi a kan gungume mai tsawon mita 3, abin da gindin ke ji daidai yake da a rataya kilo 45 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, yanzu ta nan, an jima ta can. Ƙusa ba ta jure wannan. Sukurun da ake murɗawa cikin katako ma sannu a hankali yake cinye raminsa.

Baba Kafinta: Injiniya ya faɗa da turancin lissafi, ni bari in faɗa da na shago. Noti mai ratsawa za ka sa, ya shiga ta nan ya fita ta can, washa mai faɗi gaba da baya. In ya yi sako-sako ka ɗauko sifana ka ƙara ɗaurewa. Ƙusa in ta saki, sai dai ka canza wuri.

Ga yadda ni zan yi da aikina ne. Gungume ɗaya mai kauri. A samansa ka yanke kafaɗa hagu da dama, zurfin kamar inci ɗaya, ka zaunar da katako biyu a tsaye a kan kafaɗun, su ne hannuwan da za su riƙe ƙararrawar. Amfanin kafaɗar, nauyi ya sauka a kan katako, noti aikinsa matsewa kawai. Yara da yawa suna barin noti ya ɗauki kaya shi kaɗai, bayan damina biyu ramin ya zama ƙwai.

Ɗan Kolombos: Baba, gungumen da ake sayarwa a nan da sunan shida-da-shida, in ka auna inci biyar da rabi ne. Ita kuma bakinta inci 18, kunne zuwa kunne ya haura 20. Hannuwa biyu a jikin gungumen ba za su ba ta wurin wucewa ba.

Baba Kafinta: To ka ga amfanin awo. Sai a canza. Ka gicciya katako mai kauri a saman gungumen, tsawonsa ya wuce kunne zuwa kunne da kamar inci huɗu kowane gefe. Ka fafe rami a cikinsa, ka fitar da harshe a kan gungumen, su shiga juna. Hannuwan biyu su tsaya a ƙarshensa, su ma da rami da harshe. Sannan tokara biyu daga jikin gungumen zuwa ƙarƙashin gicciyen, a karkace. Kowace tokara ka ɗan yanka mata wurin zama a jikin gungumen, kada ka manna ta a fili kawai.

Tsawon hannuwan kuma kada ka yi shi da ka. Ka sa mutum biyu su riƙe kunnuwan, ka juya ƙararrawar da hannu, ka ga inda leɓenta ya fi sauka, ka ƙara inci biyu a kai. In leɓe ya taɓa katako ko sau ɗaya murya ta mutu, in da ƙarfi ya buga kuma yana iya ɓantarewa.

Injiniya: Ƙari ɗaya a kan na Baba. Tokarar da ya faɗa tana hana gicciyen karkata hagu da dama. Amma lilon gaba da baya yake yi, wato ta fuskar da tokarar ba ta kallo. Hannuwan nan biyu su ne za su sha wahala a gindinsu. Ko dai a yi su da faɗi sosai a ƙasa, kamar inci takwas, su tsuke a sama, ko a ƙara musu ƙananan tokara gaba da baya.

Baba Kafinta: Na karɓa. Faɗin gindi ya fi, ƙananan tokara wurin taruwar ruwa ne.

Oga Mai Walda: Duk wannan dogon zance fa, da ƙarfe ne da tuni ana shan shayi a ƙarƙashinta.

Baba Kafinta: Kai da ka ga tsohon abu sai hannunka ya fara ƙaiƙayin rodi. Faɗa masa gaskiya dai, in ta tsage za ka iya gyarawa?

Oga Mai Walda: A nan kam ba gardama. Irin waɗannan zubi ne, dangin kas, wato baƙin ƙarfen da ake narkawa a zuba. Kas ba ya lanƙwasa, karyewa yake. In za ka yi masa walda sai ka gasa shi tukuna, ka yi da rodin nikel, ka binne a yashi ko toka ya huce a hankali, in ba haka ba yana hucewa kana jin ƙas, ya tsage a gefen ɗinkin. Ko ka yi nasara, muryar ba ta dawowa yadda take. Saboda haka ƙanena, kada ka buge ta da guduma don gwaji, kada ka ɗaure notin da ya haɗa ta da karkiya kamar kana ɗaure tayar tirela, kuma ranar ɗorawa kada ta kuɓuce. Faɗuwa ɗaya a kan kankare ta isa.

Na Maraɗi: Sannunku da aiki. Ni tambayata a kan itacen ne. A wajenmu in ana son abin da zai daɗe a ƙasa, ƙirya ake nema, gara ba ta cin ta da sauƙi. Ko azarar giginya. Maɗaci kuma na ƙofa da kujera. Can Amurka me ke gare su mai kama da ƙirya?

Alhaji na Shikago: Akwai wani itace mai ƙaya da suke kira black locust, shi tsofaffin manoma ke yin turakun shinge da shi, yana shekaru da yawa a ƙasa bai ruɓe ba. Sai dai ba ka samunsa a manyan shagunan kayan gini, sai wajen masu ƙananan injinan tsaga katako a ƙauye, kuma busasshensa yana cin bakin zarto. Na sama kuwa, gicciye da hannuwa, farin oak za ka nema. Ka kula, farin, ba jan ba. A ido kusan ɗaya suke, amma jan ƙofofin jijiyarsa a buɗe suke, in ka yanki ɗan guntu ka tsoma bakinsa a ruwan sabulu ka hura ɗaya bakin sai ka ga kumfa na fita. Farin a toshe suke, shi ya sa da shi ake yin gangar ajiye ruwan inabi da jiragen ruwa na da. Jan in ka bar shi a waje ruwa yake sha har ya ruɓe.

Na Maraɗi: To ba sai ya shafe shi da baƙin mai ba? Mu haka muke wa gindin gofa.

Alhaji na Shikago: Ɗan'uwa, a nan zuba baƙin mai a ƙasa laifi ne, ana cin tara. Mafi sauƙi ya sayi gungumen da aka dafa da magani, mai ɗan kore-koren nan, ya duba takardar da ke manne a bakinsa ta nuna na binnewa a ƙasa ne, don akwai wanda na sama ne kawai. Amma da sharaɗi. Tun ƙarshen 2003 aka daina sayar wa gidaje mai maganin arsenik, wanda ya maye gurbinsa jan ƙarfe ya yi yawa a cikinsa, kuma yana cin baƙin noti da sauri. Sai noti mai rufin zinki mai kauri, wanda aka tsoma a narkakke, ko kuma na silba wanda ba ya tsatsa. Shi ma oak ɗin yana da wani ruwa mai ɗaci da in ya haɗu da baƙin ƙarfe da danshi sai ka ga baƙin zane yana gangarowa daga kowane noti. Duk hanyar da ka bi, kada ka yi arha a noti.

Abu Sumayya: Ku yi haƙuri in shigo da wata magana. Ya halatta Musulmi ya kafa ƙararrawa a gidansa? Akwai hadisi a Sahihu Muslim cewa mala'iku ba sa rakiyar ayarin da ke da kare ko ƙararrawa.

Malama 'Yar Firamare: Malam, to mu da ke kaɗa ta kullum don shiga aji da tashi fa? Har Islamiyyar unguwarmu da ita suke canza darasi.

Admin: Abu Sumayya, tambayarka tana da muhimmanci, amma nan zauren sana'a ne, ba mu da mai ba da fatawa. Mai ƙararrawa ya tambayi malaminsa. Kada a ci gaba da wannan a nan, don Allah.

Ɗan Kolombos: Na gode Malam, zan tambaya in sha Allah. Saura abin da ya fi damuna: inda kunnuwan za su zauna. In fafe katakon kawai in ɗora, ko in sayi boris?

Oga Mai Walda: Boris mana, irin mai gida wanda ake ɗaurewa da noti biyu. Ka taɓa da yatsa ta tafi.

Baba Kafinta: Shi ne abin da ba a so. In ta yi santsi da yawa, yaro ya fizgi igiya sai ta wuntsila ta tsaya baki sama, igiya ta naɗe, ruwan sama ya taru a ciki. Iska mai ƙarfi ma sai ta riƙa kaɗa ta tsakar dare. Kuma dubi hoton kunnuwan nan da kyau, zubi ne, ba a gyara su a injin ba, ɗaya ma ya fi ɗaya kauri. Ba boris ɗin da zai shiga daidai sai an rage su, ni kuma ba zan taɓa su ba.

Ka samu guntun itace mafi tauri, ka huda rami daidai kaurin kunnen da ɗan sarari kaɗan, sannan ka raba shi biyu ta tsakiyar ramin. Rabin ƙasa shi ne kwanciya, rabin sama shi ne murfi, noti biyu su haɗa su da kan hannun. Murfin nan dole ne, shi ke hana ta tsalle ta fita. Ka huda ɗan ƙaramin rami a murfin ka riƙa ɗiga mai. Ranar da kwanciyar ta cinye, ka kwance ka sa wata, ba ka taɓa sauran aikin ba. Kuma ka sa kunnen ya kwanta a kan bakin jijiyar itacen, ya fi jure gogayya.

Injiniya: Wannan ba ƙauyanci ba ne, Oga, kafin ka faɗa. Jiragen ruwa sun daɗe suna amfani da wani itace mai mai a jikinsa, lignum vitae, a matsayin boris na sandar farfela. Ƙararrawar da za a kaɗa sau biyu a rana ba za ta gajiyar da itace mai tauri ba.

Oga Mai Walda: Ban ce komai ba. Amma in ta fara ƙiiƙii da asuba ku tuna da ni.

Na Maraɗi: Ramin fa, zurfin nawa? Mu santimita 60 zuwa 70 ya ishe mu.

Alhaji na Shikago: A Ohayo bai isa ba. Ƙasa tana daskarewa da sanyi, ruwan cikinta ya kumbura ya ɗago duk abin da bai nutse ba, bazara ta yi ka ga gungume ya karkace. Sai ka wuce inda daskarewar ke tsayawa, wajen Kolombos kusan ƙafa uku ne. Da wannan nauyi a sama ni zan kai ƙafa huɗu. Kuma kafin ka sa shebur a ƙasa ka kira 811, kyauta ne, su zo su yi maka alamar inda bututun gas da wayar wuta suka bi. Doka ce, ba shawara ba.

Injiniya: Kankare zai zuba ko tsakuwa? Ni kankare nake gani, saboda lilon.

Baba Kafinta: Ni kuma ina tsoron kankare a jikin katako. Itace yana bushewa ya tsuke, sai 'yar tazara ta buɗe tsakaninsa da kankaren, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. Duk turken da na taɓa tonowa, daidai wuyan nan yake ruɓewa, ƙasansa da samansa lafiya. Tsakuwa mai kaifi, a zuba kaɗan a daka, a ƙara a daka, tana riƙewa kuma ruwa yana wucewa.

Injiniya: A ƙasa mai tauri na yarda. In laka ce mai laushi, lilon zai buɗe ramin a hankali. In dai kankaren ne, a fara zuba tsakuwa a ƙasan ramin gungumen ya zauna a kanta, kada kankare ya rufe gindinsa, sannan a ɗaga saman ya ɗan fi ƙasa, a gangarar da shi waje.

Baba Kafinta: Shi ya san ƙasarsa, ya zaɓa. Abin da ba zan sassauta ba shi ne saman katako. Duk inda bakin jijiya ke kallon sama ka yanke shi a gangare ko ka rufe da ɗan kwano. Ta nan ruwa ke shiga, ba ta gefe ba.

Malama 'Yar Firamare: Ni fentin ne ya tsaya min a rai. Wanda ka kankare na da, ka san ko akwai dalma a ciki? Mu nan ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba.

Ɗan Kolombos: Malama, kin yi tambaya mai kyau. A nan sai 1978 aka hana fentin gida mai dalma, ita kuma ta girmi wannan nesa. Shi ya sa ban goge ta a bushe ba. A robar ruwa na jiƙa ta da sodar wanki, na haɗa da cajar batir, waya ɗaya a jikinta ɗaya a jikin guntun baƙin ƙarfe, a waje inda iska ke kaɗawa. Tsatsar da fentin suka saki suka zama laka, na kwashe na kai inda ake karɓar shara mai guba. Sabon fentin kuma shafi mara kauri na yi a baya, cikin mai kawai na shafa, don an ce fenti mai kauri yana danne murya.

Oga Mai Walda: Wannan ka yi daidai. Inda harshen ke bugu ma ko an yi fenti ba ya zama.

Ɗan Kolombos: Jama'a, ga sakamako. Gungume mai magani, rami ƙafa huɗu, ƙasar laka ce don haka na bi Injiniya, tsakuwa a ƙasa kankare a sama. Gicciye da hannuwa farin oak, kwanciyar kunnuwa black locust da wani mai injin tsaga ya ba ni guntu kyauta. Mu uku muka ɗora ta da tsani biyu. Ga bidiyo. Tana wucewa ba ta taɓa komai, gungumen ko gezau. Abu ɗaya: igiyar tana gogar gicciyen in an ja daga ƙasa.

Baba Kafinta: Ma sha Allah, haɗin ya zauna. Igiyar kuma kana tsayawa dab da gungumen ne. Ka ɗaura zobe mai sukuru a ƙarshen gicciyen ta ɓangaren hannun ƙararrawar da ake ɗaura wa igiya, igiyar ta bi ta ciki. Bayan wata biyu ka bi notin duka da sifana, oak ɗin zai ƙara bushewa. Na hagu na sama ma kamar washarsa ta yi ƙanƙanta, canza ta.

Oga Mai Walda: Zoben dai na ƙarfe ne ko, Baba? Ko shi ma a sassaƙa?

Baba Kafinta: Na ƙarfe. Ka samu naka kason.